Tarihin Gyaran Launin Fim, Tun Daga Buroshi Har Zuwa Kwamfuta

A wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, saboda amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Fagge ta Kano, wanda ya ce sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, amma yanzu ya fara tsoma hannu a harkar fim. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Don Allah ina da tambaya. Ni da abokaina mun haɗa kuɗi mun yi hayar babbar kyamara irin ta silima har kwana huɗu, muka ɗauki wani ɗan gajeren fim. Da muka zuba hoton a kwamfuta sai muka gan shi ya koɗe, kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu, har wayar hannuna ta fi shi kyan kala. Abokaina sun ce an cuce mu, mu je mu karɓo kuɗinmu. Shi kuma mai kyamara ya ce wai sai an yi masa gyaran kala. Shin gaskiya ne? Mene ne gyaran kalar nan, kuma yaushe aka fara shi?"

To malam, gaisuwarka ta iso, mun kuma gode. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ka ce wa abokan naka su ɗan dakata, kada a je a tayar da jijiyar wuya a banza. Bisa yadda ka kwatanta hoton nan, mai kyamara gaskiya ya gaya muku. Manyan kyamarorin silima da gangan suke fitar da hoto a koɗe, sai daga baya wani ya zauna ya ba shi launi. Ba kuma yau aka fara ba. Tun da aka soma fim, kimanin shekara 130 ke nan, launin da ɗan kallo yake gani akwai hannun mutum a cikinsa bayan an gama ɗauka. Kayan aikin ne suke ta sakewa. Bari mu ɗauko maka zancen daga tushe, in ya so a ƙarshe mu gaya maka yadda za ka gwada hoton naku ka tabbatar da kanka.

Akasarin masu tarihi sukan ƙidaya farkon silima daga ranar 28 ga watan Disamba na 1895, lokacin da wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, 'yan gidan Lumière, suka haska wa jama'a fim a birnin Paris aka biya kuɗin shiga. Hoton baƙi da fari ne, amma ba a daɗe ba 'yan kallo suka fara ganin launi. Yaya aka yi? Da buroshi, malam. Shi fim na da, dogon zare ne mai faɗin milimita 35, ɗauke da 'yan ƙananan hotuna a jere, kowane ɗaya bai wuce girman kan sarki ba. A wancan zamani kamar hoto 16 ne suke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, wato a minti guda ana neman hoto kusan 1,000. Haka ake bin su ɗaya bayan ɗaya ana shafa musu launi.

A Paris akwai wata mata, Élisabeth Thuillier, mai ma'aikata ta irin wannan aiki, inda mata wajen 200 suke zaune, kowace da launin da aka ba ta. Wannan ta sa ja, ta miƙa wa waccan ta sa shuɗi. A wurinta Georges Méliès yake kai fina-finansa, shi ne wanda ya yi fim ɗin tafiya zuwa wata a 1902. An daɗe ana zaton kwafinsa mai launi ya ɓata, sai a 1993 aka tsinci ɗaya a birnin Barcelona ta ƙasar Sifen. Aka gyara hotunansa sama da 13,000, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 2011.

Da fina-finai suka ƙara tsawo, buroshi ya gaza. Sai aka koma rini, kamar dai yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata. A yanko zaren fitowa guda a tsoma shi cikin ruwan launi ɗaya: shuɗi in dare ne, ja in gobara ce ko yaƙi, ruwan goro in cikin ɗaki ne da hasken fitila. Ka ga ke nan ana iya ɗaukar fitowa da rana tsaka, a rina ta da shuɗi, ɗan kallo ya yarda dare ne. A farkon shekarun 1920 yawancin fina-finai da irin wannan rini suke fita.

Ana cikin haka wasu kuma suna ta neman hanyar da kyamara za ta kamo launi da kanta. A Ingila an fito da wata dabara mai suna Kinemacolor a 1908, wadda take aiki da launi biyu kacal, ja da kore. Da ita aka ɗauki hawan daba da aka yi wa Sarkin Ingila George na Biyar a birnin Delhi ta Indiya a 1911, aka nuna a Landan a shekarar da ta biyo. Sai dai launi biyu ba sa iya fitar da shuɗin sama yadda yake, kuma in doki ya ruga sai ka ga ja da kore sun rabu a gefen ƙafafunsa.

Wanda ya ciri tuta shi ne kamfanin Technicolor na Amurka, da aka kafa a 1915. A 1932 ya kammala wata ƙatuwar kyamara mai cin zare uku a lokaci guda. A cikinta akwai gilashi mai raba haske, zare ɗaya ya kama rabon ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, alhali dukansu baƙi da fari ne. A ma'aikata ake mai da kowane zare kamar hatimi, a jiƙa shi da rini, a danna su bi da bi a kan zare ɗaya. Wani ɗan fim na zane na Walt Disney, Flowers and Trees, shi ya fara fita da wannan tsari a 1932, sai dogon fim na farko, Becky Sharp, a 1935, sannan Gone with the Wind da The Wizard of Oz a 1939.

Ga wani abin da zai ba ka sha'awa, malam, tun da ku ma haya kuka yi. Technicolor ba ya sayar da kyamarar nan, haya yake bayarwa, kuma da sharaɗi. Dole ka ɗauki ma'aikatansa, dole kuma ka karɓi mai ba da shawara kan launi. Shugabar wannan sashe ita ce Natalie Kalmus, wadda sunanta yake kan kusan duk fina-finan Technicolor daga 1934 zuwa 1949. Ita take duba launin tufafi da na bango da na labule, ta ce wannan ya yi, wancan a sake. Daraktoci da yawa sun sha rigima da ita.

A 1950 kamfanin Kodak ya fito da Eastmancolor, zare ɗaya mai kama launi duka, wanda kowace kyamara za ta iya ci. Cikin 'yan shekaru aka jingine kyamarar nan mai zare uku. Daga nan hukuncin launi ya koma ɗakin wankin fim. Ka dai san dodon hoto, wanda masu hoto na da suke ba ka tare da hotonka, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. To shi ma fim dodo ake fara samu, daga jikinsa ake buga kwafin da za a haska. Injin bugawar yana da haske uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da ma'auni daga 1 zuwa 50, tsakiya ita ce 25. Akwai ma'aikaci na musamman wanda yake bin fim ɗauka bayan ɗauka yana rubuta lamba uku ga kowace. In fuska ta yi kore da yawa ya gyara lamba, in fitowar safe ta yi duhu ya gyara. A ƙarshen shekarun 1950 aka samo masa na'urar Hazeltine, mai nuna masa dodo a allo kamar hoto sosai, don ya rage lalube cikin duhu.

Amma hannunsa a ɗaure yake. Duk abin da ya taɓa, hoton gaba ɗaya yake shafa. Ba shi da ikon ya ƙara wa sama shuɗi ya bar fuskar ɗan wasa yadda take. Kuma sai an buga kwafi an wanke an haska, sannan darakta zai ga sakamako. In bai yi ba a sake, kowane zagaye da kuɗinsa. Daɗin daɗawa, rinin Eastmancolor na farko ba ya jure shekaru. Kwafi yakan koɗe ya koma ruwan hoda, abin da ya sa darakta Martin Scorsese ya ɗaga murya a 1980 yana neman Kodak ya gyara.

A nan ne fa, malam, zancen ya zo inda ya shafe mu kai tsaye. Mai daidaita launi yana bukatar abin da zai auna da shi, ya ce wannan shi ne daidai. Daga tsakiyar shekarun 1950 Kodak yakan aika wa ɗakunan wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. In fatarta ta fito da kyau, an ce inji ya daidaita. Su ma ɗakunan wankin fim suna da irin nasu hoton da suke liƙawa a bakin zare, akasari na farar mace. Sakamakon haka, baƙin mutum yakan fito a hoto fuska ta cushe, ba ka ganin komai sai ido da haƙori, balle in yana tsaye kusa da fari. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan al'amari ta wallafa bincikenta a 2009. A cikin abin da ta gano har da cewa masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan suna cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa Kodak ya inganta yadda fim ɗinsa yake kama launin ƙasa-ƙasa, saboda a hotunan tallarsu ba a bambance katako mai duhu da mai haske. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku, baƙa da fara da 'yar Asiya. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Talabijin shi ya kwance wa mai gyaran launi hannu. Don a nuna fim a talabijin sai an mai da zaren zuwa hoton lantarki, da wata na'ura da ake kira telesini. Kamfanin Rank Cintel na Ingila ya fito da wata mai inganci a 1975, sannan a 1984 aka kafa kamfanin da Vinci a jihar Florida ta Amurka, mai ƙera teburin gyaran launi. Yanzu mutum yana zaune gaban allo, ya murɗa ya ga canji nan take. Ya iya kama launi ɗaya, a ce jan hula, ya canza shi ba tare da ya taɓa sauran ba. Daga baya har ya samu ikon zana da'ira a kan fuska ya haskaka ta ita kaɗai. Masu tallace-tallace da masu bidiyon waƙa su suka fara cin moriyar wannan, domin ingancin hoton talabijin bai kai a mai da shi babban allon silima ba.

Kodak ne kuma ya gina gadar. A farkon shekarun 1990 ya fito da tsarin Cineon: a ɗauki dodon fim a karanta shi hoto bayan hoto zuwa cikin kwamfuta, a yi aiki a kansa, a sake rubuta shi a kan sabon zare. A 1993 aka gyara tsohon fim ɗin Disney na 1937, Snow White, ta wannan hanya daga farko har ƙarshe. To a nan ne aka haifi koɗaɗɗen hoton da ya tayar muku da hankali. Injiniyoyin Kodak suna da matakai 1,024 kacal ga kowane launi, suna kuma so su adana duk abin da dodo ya kama, daga inuwa har hasken rana. Sai suka bi yadda ido yake gani. A ɗaki mai duhu in aka kunna aci-balbal ɗaya, aka ƙara ta biyu, nan take za ka ga bambanci. Amma in guda hamsin ne a kunne aka ƙara ɗaya, ba za ka lura ba. Wato ido ninki yake lura da shi. Saboda haka suka raba matakan nan ta yadda kowane ninkin haske zai samu rabo kusan daidai. Wannan tsari shi ake kira log. Yana adana bayani da yawa, amma in ka kalle shi kai tsaye a allo, baƙi ba ya kai baƙi, fari ba ya kai fari, launi kuma ya yi sanyi.

Fim ɗin Pleasantville na 1998 ya bi ta kwamfuta a mafi yawansa, amma wanda aka fi kafa tarihi da shi shi ne O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000, na wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Coen. A jihar Mississippi aka ɗauke shi lokacin da gari ya yi kore shar, su kuwa masu fim ƙasa busasshiya suke so, mai ƙura, irin ta zamanin fatara na shekarun 1930. Mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya gwada hanyoyin ɗakin wanki abin bai yiwu ba. Sai aka zuba fim ɗin dukansa a kwamfuta, ya shafe fiye da wata biyu ana mai da koren ganye ruwan ɗorawa, fatar mutane kuwa aka bar ta yadda take. Kamar dai ka ɗauki fim a watan Agusta, ka nuna wa mutane bayan girbi. Cikin shekara goma wannan hanya ta zama ita ce ta kowa a manyan fina-finai.

Abin da ya rage shi ne a raba kyamara da zare. George Lucas ya ɗauki kashin Star Wars da ya fito a 2002 da kyamarar Sony ta dijital. A 2007 kyamarar Red One ta shigo kasuwa a kan dala 17,500, kuɗin da a wancan lokaci ya zama araha ƙwarai in aka gwada da sauran. Slumdog Millionaire, wanda aka ɗauki mafi yawansa da dijital a birnin Mumbai, ya ci lambar Oscar ta ɗaukar hoto a 2009. A 2010 kamfanin Arri na birnin Munich a Jamus ya fito da Alexa, wadda ta rinjayi manyan masu ɗaukar hoto. A watan Janairu na 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi, a 2013 kuma Fujifilm na Japan ya daina yin zaren ɗaukar fim. Kodak dai ya farfaɗo, bai kuma bar yin zare ba. Da shi aka ɗauki Oppenheimer na 2023. Amma yawancin fina-finai sun koma dijital.

Su waɗannan kyamarori sun gaji tsarin log daga Cineon, kowane kamfani da nasa: Arri yana da LogC, Sony yana da S-Log, Canon da Panasonic su ma da nasu. Wasu ma ɗanyen bayani suke ajiyewa, yadda ya fito daga idon kyamara, sai kwamfuta ta haɗa launin daga baya. Dalilin kuwa shi ne, kyamara irin Alexa ta farko tana kama ninkin haske har kusan 14 tsakanin wuri mafi duhu da mafi haske, talabijin na gida na yau da kullum kuwa ba ya iya nuna ko kusa da haka. Ɗauki misalin dattijo sanye da farar babbar riga, yana tsaye a ƙofar zaure da azahar. Ƙaramar kyamara sai ta zaɓa: ko rigar ta ƙone fari fat, aikin aska takwas ya ɓace, ko cikin zauren ya zama baƙi ƙirin. Kyamarar silima tana riƙe duka biyun, ta matse su cikin hoto ɗaya, ta bar maka zaɓi. Ita wayarka kamar mai sayar da abinci ce: ta dafa, ta sa gishiri da yaji yadda ta ga dama, ta miƙo maka. Kyamarar da kuka yi haya cefane ta kawo muku, girki yana wuyanku.

To yaya ake girkin? Ga yadda masu sana'ar suke bi. Da farko, tun a wurin ɗauka, a kwafe abin da ke cikin katin memori zuwa wuri biyu ko uku dabam-dabam kafin a goge shi, domin a nan babu dodo, in fayil ya tafi ya tafi ke nan. Na biyu, da yake fayilolin suna da nauyi, akan yi musu ƙananan kwafi marasa nauyi waɗanda mai tace hoto zai yi yanka da haɗi da su. Na uku, in darakta ya gamsu da jerin fim, sai a rufe, ba a ƙara ba a ragewa, a komo da manyan fayiloli na asali a jera su a gurbin ƙananan. Sai a na huɗu mai gyaran launi yake zama. Yakan fara da fassara log zuwa launin da allo yake ganewa, da wani jadawalin lissafi da ake kira LUT, wanda kamfanin kyamara yake bayarwa. Sannan ya daidaita haske da fari da baƙi na kowace ɗauka. Sannan ya sa ɗauka ta yi kama da 'yar'uwarta, domin hira ɗaya ta minti biyu wataƙila an fara ɗaukarta da hantsi aka gama da la'asar. Bayan wannan ne yake shiga gyaran ɓangare-ɓangare, fuska ko sama ko tufafi, daga ƙarshe ya ba fim ɗin yanayin da labari yake nema. Duk wannan a ɗaki mai ƙarancin haske ake yi, mai bango ruwan toka, da allo wanda aka auna, yana kuma duba ma'aunai saboda ido yakan saba da kuskure cikin 'yan mintoci. In an gama sai a fitar da kwafi iri-iri, na silima dabam, na talabijin dabam, na intanet dabam. Don a rage ruɗani tsakanin kyamarori, cibiyar da take ba da lambar Oscar ta fitar da wani tsari na bai-ɗaya mai suna ACES a ƙarshen 2014.

A da, wannan aiki sai manyan kamfanoni, domin na'urar da Vinci takan ci daga dala 200,000 har zuwa 800,000. A 2009 kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ya saye da Vinci, a 2010 ya sayar da manhajar DaVinci Resolve a kan dala 995, a 2011 kuma ya fitar da wadda ake saukewa kyauta. Ka tuna lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo ake aiki, abin da kyamara ta ba ka kusan shi ke nan, kowane kwafi kuma yana ƙara dusashewa. Yau yaro mai kwamfuta a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana iya buɗe manhajar da ake gyara manyan fina-finan duniya da ita.

Mun ce za mu komo kan katin Shirley. Tun da alƙalami ya zo hannunmu, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi in fatar mutanenmu ta fito ba daidai ba. Dubi fim ɗin Moonlight na 2016, wanda Barry Jenkins ya ba da umarni, ya kuma ci Oscar na fim mafi kyau a 2017. 'Yan wasansa baƙaƙe ne, da Alexa aka ɗauke shi, mai ɗaukar hoto James Laxton da mai gyaran launi Alex Bickel suka fitar da baƙar fata tana sheƙi, ba su haskaka kowa ya tashi daga kamanninsa ba. Mu kuwa sau da yawa akan sauko da LUT ɗin da aka shirya don wata ƙasa da wata fata, a maka wa fim gaba ɗaya, sai ka ga baƙi ya koma ruwan toka, wankan tarwaɗa ya koma ruwan lemo. Wasu kuma da gangan suke ɗaga haske har amarya ta kasa gane kanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka sa fuskar ɗan wasanka ta zama ma'auninka, ka tambayi kanka: in mahaifiyarsa ta gani, za ta ce wannan launin ɗanta ne?

Yanzu ga gwajin da muka yi maka alkawari. Ka tambayi mai kyamara wane irin log aka sa lokacin ɗauka, ka sauko da LUT na kamfanin da ya ƙera ta, ka ɗora a kan ɗauka ɗaya. In launi ya komo, baƙi ya zauna, fari ya tsaya, to kyamara lafiyarta lau, sauran aiki naku ne. In kuwa ka ga wani wuri ya ƙone fari babu komai a ciki, ko inuwa ta cika da tsaki-tsaki, wannan kuskuren auna haske ne a wurin ɗauka, gyaran launi kuma ba ya komo da abin da kyamara ba ta kama ba.

Abu na ƙarshe, kada ku kuskura ku goge koɗaɗɗun fayilolin nan don kun fitar da mai kyau. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano dodonsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta karanta shi zuwa kwamfuta ta gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Da dodon ya lalace, da sai dai labari. Wannan hoto mai kama da hazo shi ne dodonku.

To malam, da fatan mun warware maka, ka kuma isar da gaisuwarmu ga abokan aikinka. In fim ya fito a sanar da mu. Sauran masu sauraro da takardunsu suke hannunmu, a ƙara haƙuri, suna kan layi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.